ABINCIN WASU ƘASASHE: PUDIN DA KASTAD NA MUTANEN INGILA

Filin abinci na wanga wata ya yi tafiya mai nisa. Ya ƙetare hamada, ya ƙetare teku, ya sauka Ingila. Abincin da za a duba sunanshi pudin, abokin tafiyarshi kuwa kastad. Pudin wani irin gato ne mai laushi, ana cin shi da zafinshi. Kastad romo ne mai kauri na madara da ƙwai. Ana kwarara shi bisa pudin kaman yadda ake zuba miya bisa tuwo.

Wani na iya cewa: ina ruwan manomi da makiyayi da abincin Turawa? Akwai ruwansu, ta hanya biyu. Ta farko, kayan haɗin abincin nan biyar ne: garin alkama, sukari, ƙwai, man shanu da madara. Uku daga ciki hannun mutanen karkara suke fitowa. Ta biyu, garin kastad na gwangwani ya shiga kasuwanni, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Iyaye mata na saye, suna dama ma yara. Ya kamata kowa shi san abin da ke cikin garin nan, da abin da babu cikinshi.

ƘASAR SANYI

Ingila na cikin wani babban tsibiri arewa da Faransa. Ƙasa ce ta ruwan sama da hazo da sanyi. Ga watan Disamba, cikin birnin Landan, rana na faɗuwa tun ƙarfe 4 na marece ba ta cika ba. Wanda ya wuni aiki cikin irin wanga sanyi, in ya komo gida, abinci mai zafi mai riƙe ciki shike nema.

Bisa al'adarsu, babban abinci hawa biyu ne. Da farko a ci nama da dankalin Turawa da ganye. In an gama a kawo abin zaƙi. Ran Lahadi, da iyali ke taruwa, nan ne uwargida ke fitowa da pudin shina tururi, ga butar kastad kusa da shi. Abincin ya shiga jikinsu ƙwarai, har yau da yawa cikinsu duk abin zaƙin da anka ci bayan abinci pudin suke ce mashi.

Pudin iri-iri ne. Wanda ake magana kanshi nan shi ne mai sunan soso. In anka yanka shi, za a ga cikinshi da ƴan ƙananan ramu birjik, kaman soson wanka. Ramun nan su ke sa shi laushi, su ke kuma shan kastad.

DAGA TUMBI ZUWA KWANO

Asalin pudin ba abin zaƙi ba ne. Mutanen da, in sunka yanka dabba, sai su cusa nama da kitse da hatsi cikin hanji ko tumbi, su ɗaure, su dafa. Ke nan ba a samun pudin sai ranar yanka.

Ga farkon shekarun 1600 anka samu dabara. Maimakon tumbi, sai a shafa ma ƙyalle mai, a barbaɗa gari, a zuba ƙullu, a ɗaure, a jefa cikin tukunya. Daga nan pudin ya zama abincin kowace rana. Gidajen talakawa da yawa ba su da tanderu. Tukunya guda ce bisa wuta: nama na dahuwa, pudin na dahuwa tare da shi. Itace guda, abinci biyu. Daga baya kwanon tangaran ya maye gurbin ƙyalle.

Sukari kuwa da farko abin masu kuɗɗi ne. Daga tsibiran Jamaika da Barbados ake kawo shi. Bayin da anka kwasa daga Afirka su ke noman raken, har shekara ta 1834 da dokar hana bauta ta fara aiki cikin yawancin ƙasashen da Ingila ke mulki. Cikin 1874 gwamnatin Ingila ta soke harajin sukari, ya yi arha, ya shiga gidan kowa. Cikin 1885 wani mai ma'aikatar tace sukari a Landan, Abram Lyle, ya fara sai da ruwan sukari mai kauri, mai kamar zuma, cikin gwangwani. Har yau shi ne ake yawan zubawa bisa pudin.

MUTUMIN DA MATARSHI BA TA CIN ƘWAI

Cikin birnin Barmingam an yi wani mai haɗa magunguna, sunanshi Alfred Bird. Jikin matarshi bai karɓar ƙwai, bai kuma karɓar yis na burodi. In ta ci sai ciwo. Ga shi tana son kastad. Cikin shekara ta 1837 mijin ya haɗa mata wani gari na sitacin masara. In anka dama shi da madara mai zafi, shina kauri kaman kastad, alhali babu ƙwai ko ɗaya ciki. Baƙi sunka ɗanɗana, sunka yaba, ya shiga sayarwa. Wanga shi ne asalin garin kastad na gwangwani. Garin kastad mai sunan Bird's na nan har gobe.

Cikin 1843 ya sake haɗa wata hoda mai tada ƙullu ba tare da yis ba. Ita ce hodar gato, wadda wasu ke ce ma bekin foda. Yadda take aiki ba baƙon abu ba ne ga mai girki. Duk macen da ta taɓa zuba kanwa cikin ruwan tsamiya ta ga kumfa ya taso. Hodar gato ma hakanan take: ƴar'uwar kanwa ce da wani gari mai tsami, an haɗa su a bushe. Muddin suna bushe ba su motsi. Da sun jiƙe, sun ji zafi, sai su fid da iska. Iskan nan ke kumbura ƙullu, shi bar ramu ciki. Kafin hodar nan, yawancin pudin mai nauyi ne, na gari da kitsen ƙoda. Bayan ta bazu ne pudin mai laushi ya zama na kowane gida.

ƘWAI SHI NE DUTSEN AWO

Sirrin pudin na ga awo. Ƙa'idar kuwa mai sauƙin riƙewa ce: abu huɗu, nauyi ɗaya. Nauyin ƙwai, shi ne nauyin man shanu, shi ne nauyin sukari, shi ne nauyin gari. Tsofaffin matan Ingila ƙwan suke azawa bisa sikeli maimakon dutsen awo.

Wadda ba ta da sikeli na iya yin nata. A samu sanda miƙaƙƙiya, a ɗaura igiya daidai tsakiyarta. A rataya ƙoƙo biyu masu nauyi ɗaya, wanga dama, wanga hagu. A sa ƙwai da ɓawonsu cikin ƙoƙo guda. A riƙa zuba sukari cikin gudan har sandar ta daidaita. A juye, a auna mai, a juye, a auna gari. Ko ƙwan manya ne ko ƙanana, awon ba ya kuskure.

Ga abin da za shi ishi mutum 4:

1. Ƙwan kaza manya 2, ko ƙwan zabi 3. Nauyinsu wajen garam 120 ne.
2. Man shanu, nauyin ƙwan.
3. Sukari, nauyin ƙwan.
4. Garin alkama mai laushi, watau fulawa, nauyin ƙwan.
5. Hodar gato, cokalin shayi 1 da rabi. In ta ƙaramin ƙunshin takarda ce mai garam 11, rabin ƙunshi ya isa.
6. Madara, babban cokali 2.
7. Gishiri, ɗan abin da yatsa biyu ke ɗauka.
8. Zuma, babban cokali 3, a madadin ruwan sukarin gwangwani.

In gidan na da yawa sai a ninka komi da komi. Ba a ninka wani a bar wani.

Kafin a fasa ƙwai a gwada shi cikin ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne. Wanda ya taso bisa ruwa ya tsufa, a yar da shi. A riƙa fasa kowane ƙwai cikin ɗan kwano dabam, don kada bara-gurbi guda shi ɓata sauran.

Man shanun da ya fi dacewa shi ne ɗanye, wanda anka kaɗa anka wanke, mai laushi amma bai narke ba. Soyayye ma na yi, sai dai pudin ɗin ba ya tashi sosai, domin narkakken mai ba ya riƙe iska.

YADDA AKE HAƊI

Kafin a taɓa ƙullu, a fara hura wuta, a shafa ma kwanon gashi mai ciki da gefe. Dalili kuwa, da hodar gato ta jiƙe ta fara aiki. Ƙullun da ya zamna jiran wuta ya yi hasarar iskanshi.

Na ɗaya: a zuba mai da sukari cikin kwano mai zurfi. A buga da muciya ko cokalin itace, minti 5 zuwa 10, har haɗin shi yi fari-fari, shi yi sakwat. Nan ne aikin hannu yake. Ƙwayoyin sukari na huda mai, suna tura iska ciki. Wadda ta yi ƙyuya nan, can gaba za ta ga sakamako.

Na biyu: a sa ƙwai ɗaya-ɗaya. A buga na farko har shi ɓace, sannan a sa na biyu. In haɗin ya fara tsinkewa, a barbaɗa cokali guda na gari, a ci gaba.

Na uku: a haɗa gari da hoda da gishiri, a tankaɗe su da rariya bisa haɗin. Daga nan bugu ya ƙare. A juya sannu a hankali, daga ƙasa zuwa bisa, har farin gari shi ɓace, sai a tsaya. Alkama na da danƙo. Mai burodi da mai taliya na son danƙon nan, shi ya sa suke murza ƙullu. Mai pudin ba ta son shi. In anka tuƙa ƙullun pudin kaman tuwo, za shi fito da tauri.

Na huɗu: a zuba madara, a juya. A ɗebo ƙullu da cokali, a karkata. In ya faɗo da kanshi, a hankali, ya yi daidai. In ya maƙale, a ƙara madara kaɗan.

Na biyar: a zuba zuma ƙasan kwanon gashi, a juye ƙullu bisanta, a baje. Kada kwano shi cika. A bar kashi ɗaya cikin huɗu, domin ƙullu za shi tashi.

GASHI

Cikin Ingila tanderun gas ko na lantarki ake sa shi. Zafi digiri 180, minti 35 zuwa 40.

Inda babu tanderu, tukunya na yin aikin. A samu babbar tukunyar ƙarfe mai marfi. A zuba rairayi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsa biyu. A rufe, a aza bisa wuta wajen minti 15. A jera ƴan duwatsu uku bisa rairayin, a aza kwanon pudin bisansu, a rufe. A rage wutar ƙasa, a kwashi garwashi a zuba bisa marfi. Wuta kaɗan ƙasa, garwashi bisa: in anka juya ƙa'idar, zuma ta ƙone, bisa bai nuna ba.

Yaya za a san zafi ya yi daidai? Tsofaffin masu girki na Ingila na da gwaji. A barbaɗa ɗan gari bisa faranti, a sa cikin tukunya. In ya yi baƙi nan da nan, zafi ya yi yawa. In ya koma launin soyayyar gyaɗa cikin wajen minti 5, ya yi daidai. In ya zamna fari, a ƙara wuta.

Kada a buɗe marfi kafin minti 25. Iska mai sanyi in ta shiga, pudin na faɗawa daga tsakiya, ba ya kuma tashi. In lokaci ya yi, a soka tsinke mai tsabta tsakiya. In ya fito a bushe, pudin ya nuna. In ya fito da ƙullu, a rufe, a ƙara minti 5. In an sauke a bar shi shi huta minti 5, a zagaya gefe da wuƙa, a kife bisa faranti. Zumar da ke ƙasa ta komo bisa, tana gangarowa.

TURARAWA

Akwai hanya ta biyu, ita ce ma ta girmi gashi. Wadda ta iya alkubus ko alala ba ta buƙatar dogon bayani. A rufe bakin kwano da takarda mai tsabta da anka shafa ma mai, a aza ƙyalle, a ɗaure da zare tamau don kada ruwa shi shiga. A kife ɗan faranti ƙasan tukunya, a aza kwanon bisanshi. A zuba tafasasshen ruwa har rabin kwano. A rufe, a bar shi shina tafasa a hankali awa 1 da rabi. In ruwa ya ragu, a ƙara mai zafi, ba mai sanyi ba.

Na gashi ya fi sauri, shina da ɓawo mai ƙamshi. Na turare ya fi laushi, ba ya kuma ƙonewa, amma ya fi cin itace.

Hattara: kada a gasa ko a turara abinci cikin gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fenti, ko man inji, komi wankin da anka yi mashi.

IRE-IRENSHI

Ƙullu ɗaya ne, abin da ake sawa ƙasa ke sake mashi suna. Wasu na yanka tuffa su shimfiɗa ƙasan kwano, su rufe da ƙullu, su gasa. Shi ake ce ma pudin ɗin Hauwa'u. Wasu na sa ƴaƴan itace da anka dafa da sukari har sunka yi kauri. Wasu na kankare ɓawon lemun tsami cikin ƙullu. Akwai kuma mai dabino, wanda ya yi suna arewacin Ingila daga shekarun 1970. Ana jiƙa dabino da ruwan zafi, a dame shi, a haɗa cikin ƙullu. Inda babu tuffa, mangwaron da bai nuna lugub ba na iya tsayawa wurinta.

KASTAD NA AINIHI

Faransawa ma sun san kastad. Suna ce mashi kirem angilez, watau romon madara na mutanen Ingila. Ga kayanshi:

1. Madara sabuwa, rabin lita.
2. Gwaiduwar ƙwan kaza 4, ko ta zabi 6.
3. Sukari, babban cokali 2.
4. Sitacin masara ko fulawa, cokalin shayi 1.
5. Ɗan ɓawon lemun tsami don ƙamshi.

A fara tace madara, a tafasa ta sosai tare da ɓawon lemu. Tafasawa wajibi ce. Ɗanyar madara na iya ɗauko ciwo daga dabba zuwa mutum, kaman tarin fuka da ciwon bakkale mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. In ta tafasa a sauke, a fid da ɓawon, a bar ta ta huce minti 5.

Cikin wani kwano a buga gwaiduwa da sukari da sitaci. A riƙa ɗiga madara mai zafi bisansu kaɗan-kaɗan, hannu guda na zubawa, hannu guda na burgawa da maburgi. In anka juye ta gaba ɗaya, ƙwai za shi dahu nan take, shi yi gudaji.

A mai da haɗin cikin tukunya, bisa garwashi marar ƙarfi. A yi ta juyawa, ana kai cokali har ƙasa, ba tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa. Ruwa na tafasa ga digiri 100, amma gwaiduwa na kama jiki tun wajen digiri 80. In zafi ya wuce 85 sai ta tsinke. Ke nan kastad ba a bari shi tafasa. Ga alamar ya yi: a tsoma cokali, a fiddo, a ja yatsa bayanshi. In layin ya tsaya bai rufe ba, a sauke.

In ya fara gudaji, kada a zubar. A sauke maza, a tsoma gindin tukunya cikin ruwan sanyi, a burga da ƙarfi, a tace da rariya. Farin ƙwan da ya rage kuma ba a yar da shi: a soya da albasa, a ba yara.

A yanka pudin da zafinshi, a kwarara kastad, a ci nan take. Abincin madara da ƙwai ba ya jimre zafin rana. Inda babu firji, kada kastad shi wuce awa 2 a ajiye, balle shi kwana.

MI KE CIKIN GWANGWANI?

Yanzu a komo ga garin kastad na kasuwa. In anka dama shi, rawaya ne kaman gwaiduwa, shina da kauri, shina da ƙamshi. Amma kama da wane ba ta wane. Yawancin garin nan sitacin masara ne, da ɗan gishiri, da rini, da ƙamshi. Rawayar ta rini ce, ba ta ƙwai ba. Ba ha'inci ba ne: tun farko don wadda ba ta cin ƙwai anka yi shi. Wanda ke son tabbatarwa shi karanta jikin gwangwani, ko shi ba wani shi karanta mashi.

Mutanen Ingila da madara zalla suke dama shi: babban cokali 2 na gari ga rabin lita da ɗan ɗori. Ƙarfin abincin daga madarar yake. In anka dama shi da ruwa kaɗai, anka zuba sukari, ciki za shi cika, amma jiki bai samu abin gini ba.

Ga lissafin abin gina jiki, wanda likitoci ke ce ma furotin:

Babban ƙwan kaza 1: wajen garam 6.
Madarar shanu rabin lita: wajen garam 16.
Gero garam 100: wajen garam 11.
Sitacin masara garam 100: bai kai garam 1 ba.

Lissafin ya nuna abu guda. Kunun gero da anka zuba ma madara ya fi kastad ɗin ruwa nesa ba kusa ba. Matar da ta kai ƙwan zabinta kasuwa, ta sai da, ta sayo garin gwangwani don ɗanta, ta ba da mai ƙarfi ta karɓo marar ƙarfi. Ta kuma biya kuɗɗin gwangwani da na mota.

WA KE FARA CI?

Ingila ma ta ga ƙarancin abinci. Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen ruwa masu kawo mata abinci sun sha nutsarwa. Daga watan Janairu na 1940 anka fara rabon sukari da man shanu da kati. Daga baya ƙwai ya shiga rabo: babban mutum, ƙwai guda ga mako, in an samu. Daga 1942 anka riƙa kawo garin busasshen ƙwai daga Amurka, mata na yin pudin da shi. Sai 1953 anka saki sukari, rabon abinci duka ya ƙare 1954.

Abin lura shi ne yadda sunka yi rabon. Yara ƙanana da mata masu ciki su anka ƙara ma ƙwai da madara bisa na kowa. Cikin 1944 anka yi dokar da ta wajabta ba da abincin rana cikin lakwal na gwamnati. Daga 1946 kowane ɗan lakwal na samun ƴar kwalbar madara kyauta, anka yi shekaru ana haka. Cikin ɗakunan cin abinci na lakwal ne yara miliyoyi sunka saba da pudin da kastad. Shi ya sa tsofaffinsu har yau in sun ji ƙamshinshi sai su tuna ƙuruciya.

Cikin wasu garuruwa na ƙasar Hausa ana cewa yaron da ya saba da ƙwai za shi zama ɓarawo. Wanga camfi ne. Ƙwai ba ya koya ma yaro sata, gina mashi jiki shike yi. Gaskiya ne akwai ƴan kaɗan da jikinsu bai karɓar ƙwai, kaman matar Alfred Bird. In yaro ya ci, jikinshi ya yi rudu-rudu, ko fuska ta kumbura, ko ya yi ta amai, a daina ba shi, a kai shi likita. In numfashi ya yi mashi wuya, a kai shi nan take.

Sauran ƙa'idodin yara su ne waɗanga. Jinjiri, har shi cika wata 6, nonon uwa kaɗai. Daga wata 6 ana iya fara ba shi dafaffen ƙwai tare da nonon uwa. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko ɗanya ko cikin gato, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jinjiri. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a dafa mashi madara da ƙwai ba tare da sukari ba.

Pudin kanshi abin marmari ne. Rubu'inshi sukari ne, rubu'inshi mai. Ko cikin Ingila likitoci na gargaɗi kan yawan zaƙi, saboda ruɓewar haƙora da ƙiba da ciwon sukari. A bar shi ga ranar salla, ko suna, ko ranar da anka yi baƙi. Fulawa da sukari na kanti ne, sai da kuɗɗi. Amma madara da ƙwai, in damina ta sauka, shanu sun ƙoshi, zabi na zuba, ga su nan cikin gida. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kafin a ɗauki ƙwarya a nufi kasuwa, a fid da rabon yara tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.